DAGA BAKIN ALLO: Ranar Da Igiyar Teku Ta Tsinke

 

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya tare ni a ƙofar masallacin unguwarmu, ya ga na zaro wani ɗan littafi daga aljihun gaba ina duba lamba. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba malam, har yanzu? Ga waya a hannunka, me za ka yi da takarda?" Na ce masa ya saurari fitowar wannan wata zan ba shi amsa a rubuce, domin maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin titi. To ga amsar, kuma duk wanda ke da waya a aljihu maganar ta shafe shi.

Ranar Alhamis ce, 14 ga watan Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, ga zafin da kowa ya sani na watan Maris a nan Kumasi. Tun cikin dare aka ɗauke mana wuta, saboda haka na tashi sahur da wayar da cajinta bai kai rubu'i ba. Na ce ba komai, in na isa makaranta na sa. Da na isa sai na tarar can ma babu wuta.

Da hantsi na buɗe wayar don in ɗauko darasin da na shirya wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, masu shirin jarrabawar BECE. Tambayoyin shekarun baya ne wani abokin aiki ya yi alkawarin turo mini ta WhatsApp. Sai na ga abin yana ta juyawa, ba ya buɗewa. Na ɗauka data ce ta ƙare, na sayi wata ta sidi 10. Shiru. Na kashe wayar na kunna, na cire layi na mayar, na fita tsakar fili na ɗaga ta sama kamar mai duban wata. Ashe duk malaman da ke ɗakin hutu abin da suke yi ke nan, kowa yana zargin kamfanin layinsa. Kafin ƙarfe goma wayata ta mutu murus. Na jefa ta cikin aljihun teburi, na ɗauki alli na shiga aji.

Gaskiya sai da na ji kunya a gaban allo. Ni da aka horar a kwalejin malamai a zamanin da sai ka rubuta tsarin darasi da hannu shugaban makaranta ya sa hannu kafin ka shiga aji, yau ga ni tsaye ina lalube saboda waya ta mutu. Allah ya taimake ni abin da aka dasa tun farko bai gama bushewa ba. Na zana taswirar Gana a allo, muka bi kogin Bolta tun daga arewa har madatsar Akosombo, darasi ya tafi. Da a nan ranar ta tsaya, da ban ɓata muku takarda ba.

Wajen sha biyu da rabi sai ga ɗan maƙwabcina a kan babur, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce Baba ya rasu a asibiti da safe, an kawo shi gida, liman ya ce za a yi jana'iza bayan La'asar, kuma ana nemana. Wannan Baba da nake faɗi dattijon layinmu ne, tsohon bafataken goro, wanda ya haura shekara tamanin. A zaurensa na koyi baƙi da wasali, shi ya karɓa mini aure bayan rasuwar mahaifina. Na nemi izini wurin shugaba, na haye bayan babur. Sai da muka isa ƙofar gidan na shafa aljihu na tuna wayar tana can cikin teburi.

Dalilin da ya sa ake nemana kuwa, ni ne magatakardan ƙungiyar unguwa, kuma ni ke riƙe da zauren WhatsApp da muke sanar da haihuwa da aure da rasuwa. Shekaru da dama ke nan in an yi rashi, layi uku nake rubutawa in tura, cikin minti biyar Nima ta ji, Tamale ta ji, 'yan'uwanmu na Jamus da Amurka sun ji. Ranar nan mutane suka zuba mini ido suna jiran in yi abin da na saba. Matasan da ke wurin suka ce ai tun safe babu wanda WhatsApp ɗinsa ya yi aiki, amma kira yana shiga. Wani ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam kira su." Na karɓa na tsaya ina kallonta. Wallahi ban da lambata da ta maiɗakina babu lambar da ke kaina. Lamba goma ce kacal kowace, ni da nake sa yara haddar jadawalin sau, amma ta ƙanin Baba da ke Nima ba ni da ita, ta 'yarsa da ke aure a Tamale ba ni da ita. Su ma matasan lambobin abokansu ne cike da wayoyinsu, na dangin tsoho babu ko ɗaya. Wayar Baba kuwa ta ɓace a hidimar asibiti, ba a gan ta ba sai bayan kwana biyu.

Na ce bari in koma makaranta in ɗauko tawa. Liman ya dube ni ya ce, "Malam, ka je ka dawo cikin wannan cunkoso, ka nemi inda za ka sa caji a garin da babu wuta, La'asar ta yi. Zauna. Kafin a yi waya ba a binne mutane ne?"

Daga nan na koma ɗalibi, tsofaffi suka karɓi aikin. Liman ya kira samari biyar, ya ba kowanne sunan masallaci, ya ce su je su sami ladan ya sanar bayan an sallame Azahar. Babu wutar lasifika, amma ladan mai murya bai rasa yadda zai yi ba. Wata gwaggo ta tara 'yan mata ta rarraba musu gidaje, wannan ta shiga gidan masu waina, waccan ta je gidan wanzamai, domin ta san in mata suka ji to gari ya ji. Abin da ya ba ni mamaki, sai da aka riƙa yi wa yaran kwatance kamar baƙi. An haife su a zangon nan, amma ba su san ƙofar gidan kakanninsu na layi na uku ba.

Ana cikin haka sai Inna, uwargidan marigayin, ta aiko a kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. Ta ce, "Ɗan nan, buɗe adakar can ka ɗauko littafin Babanku." Wani tsohon littafi ne mai baƙin bango, duk ya sha jan goro. Sunaye da ajami, lambobi da boko. Na fara bi shafi shafi. Da yawa lambobin wayar tebur ne masu farawa da 051 na Kumasi da 021 na Ankara, waɗanda aka sauya tun 2010, masu su ma da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Amma can wajen ƙarshe, da rubutun da hannu ya fara rawa, ga lambar ƙaninsa na Nima, ga ta 'yarsa ta Tamale. Muka kira, suka shiga. Shi na Nima ya ba mu lamba uku, ita ta Tamale ta ba mu huɗu, kowace lamba ta haifi wata. Wani ɗan'uwansu da ke noma a wajen Ejura babu mai lambarsa, sai aka tura yaro tasha ya ba direban motar garin saƙo, yadda aka saba yi a da. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai maganar kuɗi. Ga likkafani, ga masu haƙa, ga motar da za ta kai mu maƙabartar Tafo. A 'yan shekarun nan gudummawa ta waya ake turowa, ni kuma in je in cire. Ranar nan mai cire kuɗi na bakin titi ya ce abin yana kamawa yana saki, ba zai ɗauki alkawari ba. Ni kaina sidi 15 ne a aljihuna. Sai mai shayin layinmu ya cire hularsa ya zagaya da ita. Tela ya zaro daga ƙarƙashin keke, mai shinkafa da wake ta kwance bakin zane, mahauci ya aiko yaronsa. Kafin a gama wanka kuɗi sun isa har da saura. Waɗanda muke yi wa kallon ba su waye ba saboda suna ajiye kuɗi a gwangwani, su suka fitar da mu kunya.

Aka yi salla bayan La'asar, aka kai Baba makwancinsa. Jama'ar da ta taru ba ta gaza ta kowace jana'iza da na sani ba. Na kuma lura da abu guda: babu wanda ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton makara, babu wanda kiɗan wayarsa ya tashi ana tsakiyar addu'a. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa rashin waya alheri ne. Ranar ta yi mana ɓarna. Babban ɗan Baba yana Hambug a ƙasar Jamus, shekara da shekaru ta WhatsApp kawai ake magana da shi, kuma ba ya cikin littafin. Sai bayan sallar asham ƙanwarsa ta same shi ta kiran ƙasa da ƙasa. Mutumin da ke aiko kuɗin magani duk wata, ya ji mutuwar mahaifinsa bayan an rufe shi da awa biyar. Da aka haɗa shi da Inna, kukan da ya yi har waje ana ji. Na Ejura ma sai dare ya iso, gaisuwa kawai ya tarar. Ban da mu, akwai 'yan kasuwa da suka kasa karɓar kuɗin kaya, da matasa masu sana'a ta intanet da suka wuni hannu rabbana. Waya ni'ima ce, wanda ya ce ba haka ba bai yi zamanin da muke bin layi a shagon buga waya, muna biyan kuɗi minti minti don mu gaida na nesa ba.

Da aka sha ruwa, muna zaune a kan tabarmar makoki ana koko da ƙosai, sai wani dattijo ya kunna rediyonsa mai batir. A nan muka ji abin da ya faru. Ashe matsalar ta wuce Kumasi, ta wuce Gana. Igiyoyi huɗu ne da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace a daidai gaɓar Kwaddibuwa, wato SAT-3 da MainOne da WACS da ACE. Kwaddibuwa da Laberiya da Binin da Najeriya da wasu ƙasashe duk abin ya taɓa su, har Afirka ta Kudu an ji a jiki. Wani tsoho ya riƙe baki ya ce, "Yanzu duk wannan abin da yaran nan ke dannawa, a igiya yake tafiya? Ni na ɗauka a iska yake." Aka yi dariya, amma na san rabin masu dariyar su ma haka suka ɗauka.

Tunda aikina koyarwa ne, bari in ɗan yi bayani. Tsakanin wayarka da dogon ƙarfen da ke bayan unguwa, lalle a iska saƙo ke tafiya. Amma daga nan igiya ce ke ɗaukarsa har bakin teku a Ankara, sannan ya shiga wata igiyar da aka shimfiɗa a ƙasan teku har Turai. A cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai, haske ne ke gudu a ciki ɗauke da muryarka da hotonka. Fiye da kashi 95 cikin 100 na saƙonnin da ke ƙetare nahiyoyi ta irin waɗannan igiyoyi suke bi. Saƙon WhatsApp da za ka tura wa maƙwabcinka na bayan katanga sai ya fita ƙasar nan ya je rumbun kamfanin sannan ya dawo, shi ya sa ya tsaya ranar nan. Kira kuwa tsakanin layukan cikin gida ba ya bukatar ƙetare teku, shi ya sa ya ci gaba da shiga. Ita SAT-3 tun 2002 take aiki, MainOne ta zo a 2010, WACS da ACE a 2012. Muna ganin igiya huɗu sai mu ce ai ko ɗaya ta tsinke akwai saura, alhali duk huɗun ta mashigi ɗaya suka bi a gaban Abijan, abin da ya sami ɗaya ya sami duka. Ɗaya daga cikin kamfanonin ya ce bincikensa na farko ya nuna motsin ƙasa ne a can ƙasan teku. Gyaran kuma sai jirgin ruwa na musamman ya taso daga nesa, ya laluɓo igiyar da ƙugiya, ya ɗago ta a haɗa zaren ɗaya bayan ɗaya. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ce sai an yi aƙalla mako biyar kafin komai ya koma daidai, ko da yake cikin 'yan kwanaki kamfanoni sun karkata ta wasu hanyoyi abin ya ɗan sassauta.

Mu namu hatsari ne, kuma bai daɗe ba. 'Yan'uwanmu da ke Bamenda a Kamaru sun yi wata uku babu intanet a farkon 2017, bisa umarnin hukuma. A Cadi an toshe kafofin sada zumunta tun Maris 2018 har Yuli 2019. A jihar Zamfara ta Najeriya, a watan Satumba 2021, layukan waya gaba ɗaya aka rufe saboda yaƙi da 'yan bindiga, ko kira babu. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.

A daren nan na lura da wani abu a jikina wanda bai yi mini daɗi ba. Muna zaman makoki ana karatu, amma hannuna sai ya tafi aljihu da kansa, ya shafa ya dawo. Na san sarai wayar tana makaranta, hannun bai sani ba. Ya yi haka ya fi a ƙirga. Na tuna yadda nake faɗa da yara a kan waya, na ce ashe mai dokar barci ya daɗe yana gyangyaɗi. Da na koma gida babu abin dannawa, na ɗauko Alƙur'anin takarda na karanta abin da ya sawwaƙa a hasken fitila, 'yata ƙarama ta zo ta zauna tana ba ni labarin makarantarsu har barci ya kwashe ta. Maiɗakina ta ce, "Malam, yau dai mun gan ka." Ban ce komai ba, don na san inda maganar ta dosa.

Na kuma tuna hirar Baba. Yakan ba mu labarin kakanninmu fataken Gwanja, yadda ayari ke tasowa daga Kano ya yi watanni a hanya kafin ya sauka Salaga, amma duk da haka labarin haihuwa da na mutuwa yana isa, domin kowane madugu ya san gidan da zai sauke saƙo a kowane zango. Shi kansa a zamaninsa direbobin motar goro ke kai masa wasiƙa. Sun san mutanensu da suna da gida da sana'a, mu kuwa mun san su da hoton da ke jikin lamba. Da aka ce zumunci a ƙafa yake, ranar nan na ga ma'anarsa da idona.

Washegari Juma'a na tarar da wayata inda na bar ta. Kafin in fara darasi na ce duk wanda ya san lambar mahaifinsa ko ta mahaifiyarsa da ka ya ɗaga hannu. A ajin da ya cika maƙil, hannuwan da suka tashi ba su kai yatsun hannu biyu ba. Na ce to yau ga aikin gida: kowa ya rubuto lamba uku a bangon littafinsa na ciki, ranar Litinin kuma ya karanta mini biyu ba tare da dubawa ba. Tun daga lokacin duk ajin da na karɓa da wannan muke farawa. Yaro zai iya ɓata a Kejetiya, mota za ta iya lalacewa da shi a hanyar Taciman, kuma duk mai son taimakonsa tambayar farko da zai yi masa ita ce lambar gida.

Saboda haka ga 'yar shawarata, ba ta bukatar ko sisin kwabo. Kowane magidanci ya sami ɗan littafi ya rubuta lambobin da in dare ya yi tsakiya su zai nema: iyaye, 'yan'uwa na nesa har da na ƙasashen waje, liman, mai unguwa, direban da ya amince da shi. A ajiye kwafi ɗaya a ɗakin uwargida, a riƙa sabunta shi duk azumi. A bar ɗan abin da ya sawwaƙa na tsabar kuɗi a gida, kada duka su zauna cikin waya. Ƙungiyoyinmu na zango su riƙe rajistar mambobi a takarda, kuma kada ta zauna hannun mutum ɗaya kamar yadda tamu ta zauna a hannuna har na kusa jawo abin kunya. Masallatai kada su bar sanarwa bayan salla don an ce an tura a waya, domin akwai tsofaffin da ba sa cikin kowane zaure sai na ƙofar gida. Uwa uba, mu riƙa jan yaranmu zuwa gaishe-gaishe, su san ƙofofin dangi da ƙafarsu.

Littafin Baba yana wurin Inna har yau, ta ce ba za ta ba kowa ba. Nawa na saye shi ranar Asabar ɗin da ta biyo baya, lambar farko da na rubuta a ciki ita ce ta ɗansa na Hambug. To ɗalibina, ka ji dalili. In mun haɗu ranar Juma'a zan tambaye ka lambar mahaifiyarka, kuma ban yarda ka taɓa aljihu ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe zumunci.